Katangar tare ƙasa a Damagaram: abin da ke cikin littafi da abin da babu

Damagaram gari ne da ya zauna a kan dutse. Duk wanda ya taɓa ratsa Birni da ƙafa ya ga yadda gidaje suka raɓe tsakanin manyan duwatsu, wani ɗakin ma dutsen ne bangonsa na baya. Da gari ya faɗaɗa, shimfiɗaɗɗun filaye suka yi tsada, sai mutane suka koma sayen gangare da bakin kwari da gefen tabki. Irin wannan fili ba ya ginuwa sai an cike wani ɓangare ko an sare wani, kuma duk inda aka cike ko aka sare, dole a samu abin da zai riƙe ƙasar. Shi ya sa ƙannenmu da suka gama karatun gini suke yawan tare ni da tambaya ɗaya: "Yaya, wane littafi zan karanta in iya lissafin katangar tare ƙasa?" Jefi-jefi wani ya ƙara da tambayar yadda ake tokare rami don kada ya rufta. Na so a ce wannan ta biyun ce aka fi yi mini.

Abin da nake gani a wuraren aiki kusan iri ɗaya ne. Mai fili ya zagaye filinsa da bulo mai faɗin santimita 15, da ginshiƙi duk bayan mita 3, katanga ce ta tsare awaki da idon maƙwabta. Daga baya ya ga tsakar gidan ta yi kwari, sai ya kira motocin yashi a cike, har cikon ya kai ƙirjin mutum ko ya wuce. Katangar ba ta canja ba, amma aikinta ya canja. Duk tsawon rani tana nan tsaye ƙyam. Ruwan Agusta na sauka sau biyu ko uku a jere, sai ta fara yin ciki ta wajen maƙwabci, tsaga ta bi layin siminti a hawa na biyu ko na uku daga ƙasa. Na taɓa tsayawa da wani dattijo a gindin irin wannan katanga, na sa masa igiya da dutse daga sama, ya ga da idonsa dutsen ya rataye nesa da gindin kusan faɗin tafin hannu. Ya ce, "Injiniya, ai siminti ban yi masa ƙwauro ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne, bulon ma mai kyau ne. Ƙasar da ke bayanta ce ba a yi lissafinta ba." Ya yi shiru yana kallon ɗakin da ƴaƴan maƙwabcin suke kwana, wanda ke jingine da katangar.

Lissafin kuwa ba sabo ba ne. Coulomb, injiniyan sojan Faransa, ya wallafa nasa a 1776, Rankine na Sikotlan ya kawo nasa a 1857, kuma har yau da su ake aiki. Ɗauki busasshen yashi mai nauyin tan 1.8 a kowace mita kubik (mita ɗaya a tsayi da faɗi da zurfi), wanda kusurwar gogayyarsa, wato kusan gangaren da yake tsayawa a kai in an zuba shi tsibi, digiri 30 ce. A hanyar Rankine, kashi ɗaya cikin uku na nauyin da ke danna ƙasa shi ne yake komawa turi ta gefe. Katanga mai tsayin mita 3 za ta sha turin kusan tan 2.7 a kowace mita ta tsawonta, kuma turin yana taruwa ne a kashi ɗaya cikin uku na tsayin daga ƙasa. In ka ninka tsayin sau biyu, turin ya ninku sau huɗu, ƙarfin da ke son kifar da ita kuma sau takwas. To, bari ruwa ya cika bayan wannan katanga ya rasa mafita. Yashin ya rage nauyi saboda yana cikin ruwa, turinsa ya sauko zuwa kusan tan 1.5, amma ruwan da kansa ya kawo tan 4.5. Jimla tan 6. Katanga ɗaya, ƙasa ɗaya, turi ya haura ninki biyu a dare guda. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya riga ya fahimci rabin kowane littafi da zan ambata.

Mu da muka yi karatu da Faransanci, yawancinmu da littafin Costet da Sanglerat muka fara sanin ilimin ƙasa, kuma har yanzu shi nake miƙa wa mai farawa, ko da kwafin fotokofi ne da shafukansa suka yi ja. Yana bin abu daki-daki, ba ya tsallake. Bayansa sai na Philipponnat a kan tushen gini da ayyukan ƙasa, wanda ya fi kusa da wurin aiki: yadda ake gwajin ƙasa, yadda ake karanta sakamako, da misalan katanga. Teburan Caquot da Kérisel na 1948 suna da amfani inda saman cikon ya yi gangare ko bayan katangar ya karkata, musamman wajen ƙarfin tokarar ƙasar da ke gaban katanga, inda lissafin Coulomb yake ba da adadin da ya zarce gaskiya. Akwai kuma tsohon kundin hukumar hanyoyin Faransa ta da, SETRA, da ake kira MUR 73. Ya tsufa, an daina aiki da shi a hukumance can, amma da tsohuwar zuma ake magani: zane-zanensa na katangar kankare mai ƙafa suna koya wa mutum siffar abu kafin ya shiga lambobi. Jerin ƙarfe a cikin kankaren kuwa, a nan har gobe tsohon kundin ƙa'idar kankare na Faransa, BAEL 91, da aka yi wa gyara a 1999 shi ne a hannun mafi yawan ofisoshin zane.

Sabbin ƙa'idojin Turai, wato Eurocode 7, da ƙa'idojin Faransa da ke fassara shi, NF P 94-281 ta katanga da NF P 94-282 ta shingen tare rami, sayar da su ake yi, kuma kuɗinsu ba na ɗalibi ba ne. In aikin na babban kamfani ne ko na masu ba da tallafi daga waje, takardar kwangila za ta faɗi ƙa'idar da za a bi, kuma ofishin da ya ci kwangilar ya kamata ya saya. Ba na ba yaro shawarar ya fara da su. Ƙa'ida tana gaya maka abin da za ka duba ne, ba ta koya maka dalili.

Kano ba ta da nisa da mu, kuma wanda yake jin Ingilishi ƙofa ta biyu a buɗe take gare shi. Littattafan Braja Das da na Bowles a kan tushen gini suna yawo a hannun ɗaliban jami'o'in Kano da Zariya, kuma na Das yana da sauƙin bi, misali bayan misali. Na Terzaghi da Peck, wanda ya fara fitowa a 1948, shi ne uban tafiya. In ka ga wani tebur ya yi ta maimaituwa a littattafai daban-daban, sau da yawa daga can aka ɗebo shi. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne hukumomin gwamnatin Amurka suna sakin nasu kyauta a intanet. Kundin sojan ruwansu, NAVFAC DM 7.2, gajere ne, cike da zane da tebur. Rundunar injiniyoyin sojansu ta fitar da EM 1110-2-2502 a 1989 a kan katangar tare ƙasa da ta tare ambaliya. Hukumar hanyoyin jihar Kalifoniya, Caltrans, tana da kundi guda a kan haƙa rami da tokare shi kaɗai. Ka sauke su a wayarka ranar da intanet ya yi kyau, ka ajiye.

Sai dai a nan akwai tarko biyu, kuma na ga sun kama yara masu ƙwazo. Na farko ma'auni ne. Amurkawa da ƙafa da fam suke lissafi. In ka ga sun rubuta nauyin ƙasa 120, wannan kusan tan 1.9 ne a ma'auninmu, kuma ƙafa ɗaya santimita 30 ce da ɗan ɗoriya. Wannan mai sauƙi ne, kulawa kawai yake so. Na biyun ya fi haɗari, shi ne gauraya gidaje. A tsohuwar hanya, ana barin turin yadda yake, sannan a nemi ƙarfin riƙewa ya fi shi aƙalla sau 1.5 wajen zamewa. A sabuwar hanyar Turai, ana ƙara wa turin tun farko, a ninka nauyi na dindindin da 1.35, mai zuwa ya tafi da 1.5, sannan a rage ƙarfin riƙewa da ɗan ƙaramin adadi, kamar 1.1 wajen zamewa. Kowace hanya daidai take a gidanta. Amma wanda ya ɗauki turin da ba a ƙara wa komai ba daga wancan littafi, ya zo ya duba shi da 1.1 na wannan, ya zana katangar da ba ta da rarar tsaro, alhali takardarsa cike take da lambobi masu kyan gani. Ka zaɓi gida ɗaya tun daga shafin farko har zuwa jerin ƙarfe. Sauran littattafan ka karanta su don fahimta.

Duk waɗannan littattafai hanya suke ba ka. Lambobin da za ka zuba a cikin hanyar, na ƙasar da kake tsaye a kanta, babu su a ciki, kuma nan ne nake ganin ainihin giɓinmu. Marubutan suna ɓata shafuka a kan ƙanƙara da ke kumbura ƙasa da girgizar ƙasa, abubuwan da ba su dame mu ba. Abin da ya dame mu daban ne. A cikin garin nan kana iya haƙa mita ɗaya ka ci karo da dutse, ka matsa taku ashirin ka haƙa mita uku kana cikin rairayi. Wannan dutsen na ƙarƙashi, wanda ya sa garin ya daɗe yana fama da ruwan sha har ake jawo shi daga Gogo da Arunguza, shi ne kuma yake hana ruwan sama nutsewa. Ruwan shekara bai wuce milimita ɗari huɗu da wani abu ba, amma a ƴan makonni yake zuba, ya ratsa yashi, ya tarar da dutse, ya kwanta a kansa yana bin gangare, kai tsaye zuwa bayan katangarka. Daminar 2024 ta nuna mana iyakar abin, shekarar da tsohon masallacin Birni na ƙarni na 19 ya rushe bayan ruwa mai yawa a farkon Satumba. Ga kuma baƙar laka ta bakin tabki, mai tsagewa da rani, mai kumbura da damina, wadda ba ta dace da ciko a bayan katanga ba ko kaɗan, amma ita ce mafi kusa da hannun lebura.

A kan marmara da jar ƙasa, littafin Gidigasu, masani ɗan Gana, na 1976, shi ne na san ya ɗauki ƙasar yankinmu da muhimmanci, ya nuna cewa yadda ka shanya ta kafin gwaji ma yana canja sakamako. Kundayen kammala karatu na ɗaliban makarantar injiniyoyi ta 2iE a Wagadugu ma ina duba su, da na makarantar EMIG ta Yamai in sun faɗo hannuna. Ba lissafinsu nake kwafa ba, aikin ɗalibi ne, sai an tace. Shafukan ƙarshe nake buɗewa, inda aka liƙa sakamakon gwajin ƙasa. Haka rahotannin gwajin da aka yi lokacin shimfiɗa kwalta da gina magudanun ruwa a garin nan: suna nan a cikin durowar ofisoshi da kamfanoni, kowa ya rufe nasa. Da za mu riƙa ara wa juna su, da kowane matashin injiniya ya san abin da zai tarar a Sabon Gari ko Garin Malam ko Karakara tun kafin ya sa diga.

In aikin ya kai mita 3 ko akwai gida a samansa, ina dagewa a kai samfuri ɗakin gwaji, a yi gwajin da ake zuba ƙasa a akwati mai hawa biyu a tura rabin sama har ta yanke. Masu gida suna ganin kuɗin da yawa, sai na kwatanta musu da kuɗin buhunan simintin da za a ƙara in an yi lissafi a makance. In ƙaramin aiki ne, aƙalla a haƙa ramin dubawa biyu, ka sauka ka taɓa ƙasar da hannunka. Ka murza ta da ɗan ruwa: in ta yi igiya tsakanin tafukanka, laka ce. Ka zuba busasshen yashin ya yi tsibi ka auna gangarensa, zai ba ka wajen digiri 30 zuwa 34, ka ɗauki na ƙasan. Danƙon da kake gani a yashi mai laima kuma kada ka sa shi a lissafi, aron danƙo ne, rana ko ruwa za su karɓe abinsu.

Siffar katangar kankare mai ƙafa ba wuya: faɗin ƙafar tsakanin rabi da kashi 70 cikin ɗari na tsayi, mafi yawansa ta ɓangaren ciko, don ƙasar da ke turi ita ce kuma za ta danne ƙafar, kamar wanda ya taka gefen tabarma yana ƙoƙarin ɗaga ta. Babban ƙarfe yana fuskar da ke manne da ƙasa, domin can ne kankaren yake miƙewa. Maƙerin ƙarfe da ya saba da ginshiƙi zai so ya jera shi a tsakiya, sai ka tsaya a kansa. Sannan a duba kifewa, zamewa, nutsewar ƙafa, da zaftarewar gangaren gaba ɗaya. Bayan katangar a jera tsakuwa, a raba ta da ƙasa da ƙyallen tace ruwa, a sa ƴan tiyo masu ratsa katangar kusa da gindi, a daɓe cikon hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 20 zuwa 30. Masu gida kan toshe tiyon nan da siminti saboda maƙwabci ya yi ƙorafin ruwa. Tun ranar zane ya kamata a zauna da maƙwabcin a shirya inda ruwan zai bi.

Sau da yawa ma ba kankare nake ba da shawara ba. Dutse ne arzikin garin nan. Ragar waya cike da duwatsu, gabiyon, wadda aka saba gani a gyaran kwari, tana shan ruwa ta fitar, tana lanƙwasa ba ta karye ba in ƙasa ta ɗan motsa, kuma kamfanin Maccaferri na Italiya da ya yaɗa ta yana da littattafan bayani a kanta. Katangar dutse mai faɗin gindi mai siririn kai, siffar da maginan ganuwar Birni suka sani tun zamanin Sarki Tanimun, ita ma lissafinta na cikin kowane littafi da na ambata, a babin katanga mai dogaro da nauyinta.

Tokare rami shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, domin katanga takan yi gargaɗi, rami ba ya yi. Ramin shadda, ramin tiyon ruwa, ramin tushen bene da aka haƙa dab da ɗakin maƙwabci. Na tsaya a bakin wani ramin shadda mai kusurwa huɗu da ya wuce tsayin mutum biyu, yaro ɗaya a ciki da shebur, ƙasar da aka fitar an tara ta a bakin ramin, ga siririyar tsaga tana bin gefen kamar taku ɗaya daga baki. Na ce wa shugaban aikin, "Malam, a fito da yaron nan yanzu." Ya ce, "Injiniya, ƙasar nan tana da ƙarfi, jiya ma haka muka bar ta." Na kama hannunsa na nuna masa tsagar, na zura tsinke ya shige har ya ɓace. Bai ƙara magana ba, ya jefa wa yaron igiya. Mita kubik ɗaya ta ƙasa ta kusa tan biyu. Ko iya ƙirji ta binne mutum, numfashi ba ya yiwuwa.

Dokar aikin Faransa, tun daga dokar 8 ga Janairun 1965, ta ce ramin da ya wuce zurfin mita 1.30, wanda faɗinsa bai fi kashi biyu cikin uku na zurfinsa ba, in gefensa a tsaye yake, dole a tokare shi. Ta Amurka ta sa iyakar a ƙafa 5, wajen mita ɗaya da rabi, ta ce a janye ƙasar da aka fitar aƙalla santimita 60 daga baki, kuma a yashi in ba za a tokare ba a kwantar da gefen, mita ɗaya da rabi a kwance ga kowace mita ta zurfi. Waɗannan lambobi ba sa bukatar digiri, kowane shugaban leburori zai iya haddace su. Wanda zai lissafa katako da matokarai kuma ya sani cewa turin da ke kan rami mai matokarai ba ya bin siffar na katanga. Peck ya fitar da zane a 1969 daga awon da aka yi a manyan ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa: a yashi ana ɗaukar turi iri ɗaya daga sama har ƙasa, kashi 65 cikin ɗari na turin Rankine a gindin ramin. Don ramuka masu zurfi aka yi shi, amma yana ba da ma'auni: a ramin mita 3 ya kusa tan 1.2 a kowace murabba'in mita. Matokarin da ke riƙe da faɗin mita ɗaya da rabi da tsayin mita ɗaya yana ɗauke da kusan tan 1.8. Wannan ba aikin ragowar katakon da aka ɓare daga kankare ba ne. Ana sa matokarai daga sama zuwa ƙasa yayin da ake haƙa, ana cire su daga ƙasa zuwa sama yayin da ake cikewa, kuma wurin cirewar ne mutane suka fi sakaci don aiki ya zo ƙarshe, kowa na son tashi.

Masu haƙar rijiya sun riga mu gane wani abu: rami mai da'ira ya fi mai kusurwa riƙe kansa, kuma zoben siminti da suke saukarwa suna haƙa ta cikinsa tokara ce cikakkiya. Inda fili ya ba da dama, yanzu ramin shadda mai da'ira da zobe nake zana wa mutane, kuma maginan sun fi saurin yarda da shi fiye da katako, don sun san shi tun suna yara. Kuɗin zoben ne kan sa mai gida jan ƙafa, sai in ce a rage zurfin a ƙara faɗi, ko a yi biyu gajeru a haɗa su da tiyo.